Hannun Baba da Ƙafafun Maus

Kwamfutar farko da na taɓa zama gida ɗaya da ita ba tawa ba ce. Ta makarantar sakandaren da nake koyarwa ce a Kalgo, can wajen ƙarshen shekarun casa'in. Kwance ce, wani ofishi a birni ya gaji da ita ya ba mu. Da damina ta kama, rufin ofishinmu ya fara yoyo, sai aka ce in kai ta gida in riƙe har a dawo hutu. Ba don na fi sauran malamai iya ta ba. Ni ne dai mai sabon kwano a kan ɗaki, kuma a lokacin wannan ya isa takardar shaida.

Muka ɗora ta a kan teburin da nake maki, matata ta lulluɓe ta da zanen da ba ta taɓa ɗaurawa ba. In wuta ta zo sai in yaye zanen, in kunna, in zauna ina kallon ikon Allah. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗan abin nan mai wutsiya da ake kira maus, wato ɓera a Turance. Ka tura shi a kan tebur, sai wata 'yar kibiya ta motsa a cikin gilashi, alhali babu abin da ya haɗa hannunka da ita sai waya. Na karanta bayanin yadda hakan ke faruwa, har na koyar da shi a aji da murya irin ta wanda ya gane. Amma duk lokacin da kibiyar ta bi hannuna sai tsigar jikina ta tashi.

A cikin wannan hutun mahaifina ya zo daga Gwandu. Baba mai zanen riga ne. Ba shi ke ɗinki ba. Shi ke ɗaukar alƙalamin kara da tawada ya zana aska da tambari a kan farin yadi, sannan masu allura su bi sawunsa da zare. Ba ya awo, ba ya gwaji. Tambari, wato zagayen nan da ke nannaɗe kansa a ƙirjin babbar riga, da jan hannu ɗaya yake fitar da shi. To a bazarar shekarar ya yi jinya mai tsawo, kuma tun da ya tashi bai sake taɓa alƙalami ba. Akwai yadin wani tsohon amininsa a naɗe a ɗakinsa yana jiran zane. Kowa a gida yana ce masa hannunsa lafiya lau. Shi kuwa ya san mutanenmu: ko da hannun ya guntule, haka za su ce, don kara.

Da na nuna masa cewa ana iya zane a cikin gilashin, sai ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wanga abu ya san ni?"

Na ce, "Bai san ka ba, Baba."

"Shina jin kunyata?"

"Ba ya jin kunyar kowa."

"To shi nika so. Matsa."

Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya dafa maus ɗin kamar mai dafa kan jariri. Ya ɗan yi wasa da shi har ya gane tafiyarsa, abin da ni ya ɗauke ni kwanaki. Sannan ya ja tambari.

Abin da ya fito ya fi kama da hanyar da tururuwa ta bi bayan an zuba mata ruwa. Layin ya tafi, ya ƙage, ya yi tsalle, ya karye. Baba ya sake ja. Haka. Ya janye hannunsa ya sa a cikin aljihu, ya ce da murya a kwance, "To, an samu mai gaskiya. In na koma sai in mai da ma mutum yadinai."

Na ce laifin na'ura ne, ni ma haka take yi mini. Har na zauna na ja nawa zagayen don ya gani, ya fito a karkace kamar nasa. Baba ya leƙa ya ce, "Kai malam, dama kai yaushe ka taɓa yin hannu? Tun kana ƙarami ko ƙwai ka zana sai an tambaye ka mi ne ne." Shaidata ta faɗi tun ba a rantsar da ni ba. Ya ce jibi zai koma Gwandu.

Da ya fita masallaci na kifa maus ɗin. Na buɗe, na fito da 'yar ƙwallon da ke ciki, na wanke ta, na kankare dattin da ya taru. Bai canza ba. Sai na lura da wasu 'yan wurare a gefe-gefen cikinsa, inda da akwai siraran faci masu santsi da yake tafiya a kansu. Sun cinye sarai, saura ragowar gam mai danƙo da ya kwashi ƙura. Ashe ƙafafu ne. Shekara da shekaru wasu hannuwa da ban sani ba, a wani ofishi da ban taɓa gani ba, suna tura shi gaba da baya, har ya gama takalmansa bai taɓa barin tebur ba. Yanzu da ciki yake jan jiki, yana tuntuɓe da kowane layin katako. Na zauna ina kallonsa. Duk wannan ilimi da aka tara a cikin akwatin, duk lissafin da yake yi kafin ƙiftawar ido, ashe yana tsaye ne a kan abin da bai kai farce kauri ba.

A Kalgo ta wancan lokacin ba a sayar da ƙafar maus. Na tabbata da na tambaya a kasuwa, wurin masu maganin gargajiya za a nuna mini. Sai na shiga gwaji da abin da ke gida. Na manna salatif, ya yi tafiya kaɗan, bakinsa ya naɗe ya koma kama tebur. Na goga kyandir, ya farfashe ya shige cikin ƙwallon, na sake wanki. Na yanko robar tsohon silifa, ta yi kauri har ƙwallon ta daina taɓa tebur. Kibiyar ta tsaya cak a tsakiyar gilashi tana kallona.

Washegari da hantsi ina tsakar gida da reza da tarkacena, matata tana gyaran giwan ruwa da ɗan'uwanta ya aiko mata daga bakin gulbi. Tana kankara, ɓawon kifin yana tsalle, har ɗaya ya faɗo a kan gwiwata. Na ɗauka zan yar, sai na ji shi a tsakanin yatsuna: siriri, mai ƙarfi, santsi kamar an yi masa man shafawa.

Ta ce, "Malam, in yunwa ce ka yi haƙuri, ba a cin wannan."

Na ce, "Zaɓo mini manya, masu faɗi."

"Yanzu ɓeran naku har kifi yake ci? Dama na ce abin nan zai ƙara mana bakin ciyarwa."

Ta zaɓo dai, tana dariya. Muka wanke su da toka don ƙarni ya fita. Da suka fara bushewa sai suka soma lanƙwashewa, na danne su a tsakanin shafukan babban ƙamus ɗina, wanda a ranar ya yi aikin da ya fi kowane amfani tun da na saye shi. Da yamma na yanke bakinsu mai kaushi da reza, na fitar da su daidai girman gurbin.

Saura abin mannawa. Baba yana zaune a kan buzu yana kallona, irin kallon da ake yi wa ɗan da boko ya taɓa. Sai ya sa hannu a jakarsa ya jefo mini ɗan ƙullin ƙaro, wanda yake haɗa tawada da shi. Ya ce, "Riƙa. Ni ba ni da sauran aiki da shi." Wannan maganar ta fi duk abin da ya faɗa a zuwan nan yi mini nauyi. Na jiƙa ƙaron ya yi kauri, na karce gurbin da allura don ya kama, na manna, na ɗora ƙamus a kai.

Ranar tafiyarsa ba wuta. Baba ya karya kumallo, ya ɗaure kayansa, ya yi sallama da matata. Na yi ta ƙirƙiro dalilai: a bari rana ta ɗan yi sama, a jira motar da ba ta cika lodi ba. Har ya sa takalmi, sai firjin maƙwabta ya yi gurnani, ƙwan ɗakinmu ya kama.

Na ce, "Baba, sau ɗaya."

"Na ji hukunci, mi zan koma yi?"

"Alƙalin ne ba shi da takalmi ranar. Yanzu an yi masa."

Ban san ko maganar ce ta ba shi dariya ko tausayina ya ji ba. Ya zauna da takalmansa a ƙafa. Ya dafa maus ɗin, sai na ga girarsa ta ɗaga, don abin ya sulale a ƙarƙashin tafinsa kamar kwalekwale a ruwan safe. Ya ja.

Ina tsaye a bayansa, na ga layi yana fitowa daga babu, yana zagayawa, yana shiga cikin kansa, kowane zagaye da tazara ɗaya tsakaninsa da ɗan'uwansa. Tun ina yaro nake ganin wannan hannu a kan yadi, amma ban taɓa ganinsa haka ba, an raba shi da tawada da kara, saura tafiyar kawai, tsirara, a cikin haske. Matata ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Na'urar da ta tsallako teku, ɓawon kifin gulbinmu, ƙaron dajin Gwandu, duk sun taru sun yi shiru don wani tsoho ya ja layi.

Tambarin bai fito cikakke ba. A can ƙasa, wajen hagu, inda hannu ke juyowa, akwai 'yar rawa, kuma a kowane zagaye tana nan a wurin. Na buɗe baki zan ɗora wa kifin laifi, sai Baba ya sa yatsa a kan gilashin, daidai wurin.

Ya ce, "A'a. Wagga tawa ce. Waccan ta shekaranjiya ban san ta ba, shi ya sa ta ba ni tsoro. Wagga ko na san ta, nan take tun da na tashi ciwo." Ya ƙura mata ido kamar mai duba dabba kafin ya saya. "Ba ta da yawa. In na juya yadin, ta faɗa inda zare ka rufewa."

Ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗauki jakarsa. Har ya kai zaure sai ya juyo ya miƙo mini hannu. Na ɗauka musafaha ce, na kawo nawa biyu da ladabi.

Ya ce, "Ba wannan ba. Sauran ƙarona."