Lemun Tsamin Gwaggo Ya Ƙi Tashi

Idan ka tambayi Gwaggo, yayar babanmu, inda ta fito, dariya take yi ta ce, "Wanne daga ciki?" A bayan tasha aka haife ta, a barikin ma'aikatan jirgin ƙasa ta yi wayo, sannan ta auri mai haƙa rijiyar burtsatse, wanda duk inda ruwa ya yi wuya can aikinsa yake. Ta zauna a ɗakin kwano mai yoyo daidai kan gado. Ta zauna a saman injin niƙa har kunnenta ɗaya ya yi nauyi. Kowane ɗa nata da garin da aka yanke masa cibiya.

Duk wannan yawon, da keken ɗinkinta take yin sa, da kuma lemun tsamin da ta shuka a rabin duro tun tana amarya, daga 'ya'yan bishiyar ƙofar gidan mahaifinta. Gidan an daɗe da rushe shi, lemun nan kaɗai ya rage mata.

Bayan rasuwar mijinta 'ya'yan suka gina mata ɗaki biyu a gefen gari. Ranar tashi daga gidan haya, tun da safe Gwaggo ke rawa da tsintsiya a hannu.

"Yau zan buga ƙusa a bango ba tare da na nemi izinin kowa ba!"

An loda gado, an loda keke. Babban ɗanta, wanda muke kira Direba, ya kama duro shi da abokinsa. Suka yi nishi. Ko gezau.

"Kai, Yaya, tumbin nan na ado ne?" in ji Auta, ƙanwarsu.

"Zo ki ɗaga mana, sarauniyar baki."

Direba ya durƙusa ya leƙa. Ashe tsatsa ta cinye gindin duron, saiwa ta ratsa ta shige ƙasa.

"Inna, sai dai a kawo adda."

"Adda? Ka sare ni tukuna!"

"To a bar shi nan, a saya miki wani."

Gwaggo ta zauna a bakin duron ta harɗe hannu. "Ku tafi da gadon. Ni da lemun nan muka zo."

Auta ta shiga gida-gida. Kafin ka ce me, maƙwabta sun fito da fartanya da shebur, mai wankin bakin layi har da ƙarfen labule. Aka shiga tono, mata na kwashe ƙasa da kwanuka, Gwaggo na zagaye tana ihu, "A hankali! Ba gawa kuke tonowa ba!"

Sai ga mai gidan, tsoho mai sanda, yana haki.

"Wa ya ce ku rushe mini katanga?"

"Baba, saiwa ce ta bi ƙarƙashinta," in ji Auta, "tana neman ruwan famfonka."

Ya leƙa ramin ya daɗe. "Shi ya sa katangar ta tsage! Ku matsa, ba ku iya ba." Ya ba Auta sandarsa, ya karɓi shebur.

Da aka kai inda hannu ba ya isa, Gwaggo da kanta ta shiga ramin da babban almakashinta na tela, ta yi bismilla, ta datse saiwar. Ta rage rassan, ta naɗe saiwar da jiƙaƙƙen zanenta. A bayan mota ta zauna, rungume da duron, tana ɗaga wa 'yan layi hannu.

A sabon gida aka farke duron, aka sa lemun a ƙasa. Cikin 'yan kwanaki ganyen ya zube kaf. Direba ya daina zuwa, wai kar a ce maganar addarsa ce ta kashe lemun. Gwaggo ba ta fasa ba lemun ruwa safe da yamma ba.

Ran nan ina wurin aiki wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce.

"'Yar nan, ajiye abin da kike yi! Ya yi toho! Ki biya ki ɗauko mini wancan mai tumbin ya zo ya gani da idonsa!"