Makwarwar Mai Gyaran Agogo

Da idonsa ya daina ganin ƙananan kusoshi, mai gyaran agogo ya rufe shago ya koma kiwon tsuntsayen ƙetare, don sha'awa kawai. Ƙwai goma sha biyu aka kawo masa ta jirgi, na wata makwarwa mai jan baki. Ya jera su a injin ƙyanƙyasa, wanda ya ajiye a gurbin talabijin.

Takardar da ta zo tare da su ta ce a riƙa juya su safe da yamma. Ya tsaya tunani: safiyar wa? A ƙasarsu gari ba ya wayewa sai nan rana ta take, kuma bai ga dalilin rikita baƙi tun suna cikin ƙwai ba. Sai ya mayar da kowane agogon gidan baya da awa biyar. Karin kumallo ya koma tsakar rana.

"Maigida, ƙwai fa bai san agogo ba," in ji matarsa.

"Shi ya sa nake duba musu," ya ce.

Tara suka ƙyanƙyashe. Ba su yi mako ba suka fara tashi da carar zakaran maƙwabta, kamar a nan aka haifi kakanninsu. Matar ta gyara agogunan, amma na hannunsa ya hana a taɓa.

Har yau, sai tsuntsayen sun ƙoshi sun lafe a inuwa yake fitowa yana hamma, yana yi wa kowa ina kwana. Matarsa kan ce wa baƙi duk gidan shi kaɗai ne bai saba da garin ba tukuna.