Takardun da Mama Denemadji Ta Ɗinka

Ƙarfe bakwai na safe Mama Denemadji take buɗe ɗakin karatun unguwarmu a Mundu, ta share, ta zauna da allura da zare. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma a watan jiya ta yi ritaya ba wanda ya ce mata sannu.

Ka'idarta ɗaya ce. Duk wanda ya ari littafin ƙagaggen labari kan zamanin noman audugar dole, sai ya karanta wa wani tsoho a gidansu, ya rubuto abin da tsohon ya ce, ita kuma ta ɗinke takardar a bayan littafin.

Akwai littafin da ya ce manoma na rera waƙa suna kai auduga sikeli. Da aka karanta wa Kaka Nodjilem, sai ta kama baki.

"Waƙa? Kai, yaron nan da ya rubuta bai ji yarenmu na Ngambai ba! Waƙar makoki ce. Mijina aka ɗaure a rana don gonarsa ba ta cika igiyar awon da aka yanka masa ba."

Mama ba ta ce marubucin ya yi ƙarya ba. Ta dai ajiye maganar Kaka kusa da tasa, mai karatu ya ji duka biyu.

Sai ga sabon shugaban ɗakin, Mbaihodji, da almakashi.

"Mama, labari fa labari ne. Wannan tarkacen ƙazanta ce kawai."

"Ɗana, masu maganar nan duk sun mutu. Ina za ka sake jin su?"

Bai ko ɗago kai ba. Ya yanke takardun kaf, ya ba masu sayar da gyaɗa su riƙa ƙulli. Wallahi abin ya ƙona mini rai! Mutum da digirinsa, a ce bai san abin da ya riƙe a hannu ba?

Ke ce, Mama, da ciwon gwiwarki, kika bi kasuwa tire bayan tire kina roƙo. Takarda arba'in da ɗaya kika ƙwato, duk sun sha mai. Ta Kaka Nodjilem ba ta ciki.

Mun gode, Mama, Allah ya saka. Ku kuma mutanen Mundu, duk wanda ya sayi gyaɗa a kwanakin nan ya warware takardar ya karanta kafin ya yar. In rubutun hannu ne, ya kai mata gida. Har yanzu tana cigiya.