Akuyata a Kan Tabarmar Karta

Ku matso, jikoki, ga ta nan gare ku. Wannan ba ta gizo ba ce, ta kakanku ce.

Shekarar da fari ya cinye dabbobi, soji kuma suka karɓi mulki, akuya ɗaya ta rage mana a unguwar Dagmanet. Da nononta nake raya uwarku, don nawa ya ƙafe.

Kakanku yana da amini, shofer ɗin kamiyon Dirku, wato direban babbar motar kaya. Shi ya koyo wata karta wurin Turawa, wadda kowa ke ɓoye hannunsa ana ta ƙari, har wani ya ji tsoro ya zubar. Tsoron soji ya hana su zama ƙofar gida, sai tsakar gidana bayan la'asar, ni ina dafa shayi.

Ban iya karanta baƙi ko ɗaya ba, amma na san shofer ɗin nan. In hannunsa wofi ne, sai surutu. In tsaka-tsaki ne, ya yi ta yabon shayina. In kuwa ya riƙe manya, sai ya ja rawani ya rufe baki, don murmushi na cin amanarsa. Kakanku, Allah ya jiƙansa, kartarsa kaɗai yake kallo, kamar mai duban amarya.

Ran nan shofer ya aza buhun dabino. Kakanku ya duba hagu, ya duba dama, ya ce, "Na sa akuya."

Na ce, "Malam, akuyar wa?"

Ya ce, "Ke dai zuba shayi."

Na dubi shofer. Ba surutu, ba yabo. Rawani ya hau har hanci.

Sai uwarku ta farka da kuka. Shofer ya dube ta, ya dubi akuya, ya daɗe. Sannan ya kife kartarsa, ya cusa cikin sauran.

"Ka cinye ni, tsohon banza. Ba ni da komai."

Na miƙa masa shayi, na ce, "Yau sanyi ake, ko? Na ga an rufe baki."

Ya ce, "Uwargida, mura ce."

Dabinon ya kai mu damina. Akuya ta haifi tagwaye. Uwarku ga ta can, ta fi ni ƙiba. Shofer ya tsufa a Dirku, can aka rufe shi. Kakanku kuwa har ya koma ga Allah yana ba baƙi labarin ranar da ya tsorata gwani da ido kawai. Ni ko ina zuba musu shayi.