Tsirkiya Huɗu da Na Bari a Ɗaure

Da daminar bana Garba ya cika shekara tara a makwancinsa na Bagudo. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye, domin na san in na fara ba zan tsaya a yabo ba. Bana na daina ajiyewa. Wanda ya zo neman ta'aziyya mai laushi ya yi haƙuri, raina a ɓace yake, kuma cikin waɗanda nake jin haushinsu har da ni kaina.

Ga wanda bai san shi ba, Garba makaɗin jita ne, babbar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ake kira bes. Ita ce mai muryar ƙasa-ƙasa, wadda kunne ba ya lura da ita sai ta yi shiru, a ga masu rawa sun rasa inda za su sa ƙafa. Mu biyar ne a ƙungiyarmu, ni ina kan ganga. Mun fi shekara goma muna bin bukukuwa a kan babura, daga Bahindi zuwa Kurgu, wani lokaci mu haye Kwara mu bi ta Tsamiya mu shiga Sagbana a ƙasar Benin. Daga baya na sami aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, na sa babbar riga, na ajiye ganga, har na koyi yin gyaran murya in an ambaci wancan zamani. Garba bai ajiye ba. Ranakun aiki yana gyaran rediyo a rumfarsa ta bakin kasuwa, ranar biki yana rataye da jita, har ciwon da ya ɗauke shi.

Ina wurin ranar da ya saye ta. A Sagbana ne, hannun Baba Gado, wani dattijo cikin Dandawan garin mai sayar da kayan sauti na hannu da ake kawowa daga Kwatano, yana kuma gyara su. Akwai wata ja mai sheƙi a rataye, ita na nuna masa. Ko kallo ba ta ishe shi ba. Ya jawo wata ruwan ƙasa duk ta sha ƙarce, ya hana a jona ta da wuta, ya ɗora haɓarsa a jikinta ya kaɗa tsirkiya ɗaya, yana jin itacen ta cikin muƙamuƙinsa. Sannan ya ɗaga ta daidai ido, ya rufe ɗaya, ya bi wuyan da kallo kamar maharbi yana duba bindiga. Ya ce da ni, "Kala ba ta kiɗi, Sani. Iccen za ka duba. In wuya na miƙe, sauran duk abin gyara na."

Wahalar da ya sha wa jitar nan, wani ko ɗan da ya haifa bai yi wa ba. Tsirkiyar bes ba ta samuwa a garinmu, saboda haka in ta dusashe da gumi da datti, sai ya kwance ta ya naɗe ya jefa a tafasasshen ruwa, ya tsame ya goge ya shanya a inuwa, ta dawo da muryarta. Matarsa Hauwa ta taɓa kama shi yana wannan dahuwa a tukunyar miyarta, daga ranar ya sayi tukunyarsa. Amma dokarsa babba ita ce ta sassautawa. Duk lokacin da jita za ta daɗe ba a taɓa ta ba, kamar watan azumi, sai ya murɗa kunnuwanta huɗu baya, tsirkiyoyin su yi laƙwas. Ya sha gaya mini dalili: tsirkiyoyin nan jan wuyan suke yi dare da rana ba hutu, in zafin bazara ya haɗu da wannan ja, itace sai ya sallama.

Mako biyu kafin rasuwarsa na je gaishe shi da hantsi, na same shi a tabarma ya jingina da bango, ya rame sai idanu. Ya ce, "Sani, in ta Allah ta kasance, abu biyu nika so gare ka. Ka sassauta mata tsirkiya. Kuma kak ka bari ta zauna ɗaki, ka ba wanda ya iya ta, ko wane na, ko ɗan ina na." Na yi masa faɗan da ake yi wa mara lafiya, na ce ya bar wannan magana, shi zai binne mu. Ya ƙi sakin hannuna sai da na ce na ɗauka.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zauren yayansa, Alhaji, ɗan kasuwar taki da maganin feshi. Aka fito da komai, har kayan gyaran rediyo. Da aka zo kan jita, Alhaji ya ɗaga hannu. Ya ce, "Wanga abu ba dukiya ba na. Abin da ya zubar muna da mutunci shekara da shekaru ba ya shiga gadon marayu. A kulle shi." Malamin da ke rabon bai yi gaggawa ba, ya yi tambayar da ta wajaba a kansa: akwai wanda ya san mamaci ya bar wasiyya? Ina zaune a wurin. Shugaban sashenmu na ofis yana kusa da ni, manyan unguwa suna gabana, duk mutanen da na yi shekaru ina lallaɓa su su manta na taɓa rataya ganga. Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Aka ɗauko jitar cikin jakarta aka wuce da ita ta gabana zuwa ɗakin ajiyar taki. Da na miƙa hannu na ce a dakata, murɗa kunne huɗu bai kai minti ɗaya ba. Ban miƙa ba.

Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa a kan kiɗa ba. Wanda ya guje shi don tsoron Allah, ina girmama shi, kuma na san irinsu da yawa a garinmu, ba ka taɓa jin sun wulaƙanta kowa ba. Abin da ya ɓata mini rai daban ne. Ranar nan da jita ta zama abin kunya, amfilifayarta mai ƙara sauti da lasifikarta ba su zama ba. Alhaji ya ce a kai masa su shago, kuma ranar kasuwa ta gaba duk Bagudo ta ji ana tallar maganin ciyawa ta cikin akwatin da Garba ke lulluɓewa da zane don ƙura. Yaran shagon suka jona shi kai tsaye da janareta, ba abin daidaita wuta, suka ƙure murya. Bai ga kaka ba ya ƙone. Aka jefar da shi bayan shago kaji suna kwana a ciki.

Nakan tambayi kaina me Garba zai ce da ya leƙo ya ga bukukuwan yau. Makaɗa sun ƙare, saura mai na'ura ɗaya da ya loda waƙoƙi a ɗan abu kamar ƙwayar dabino, ya tara lasifikoki har sun fi katanga tsawo, ya murɗe ƙarar ƙasan har ƙirjinka na kaɗawa amma ba ka san abin da ake faɗa ba. Lasifika ta yage a liƙe ta da gam a ci gaba. 'Yan ƙalilan da ke sha'awar jita kuma a hoton waya suke zaɓa, su ce a aiko musu da mai sheƙi, ta iso wuya a karkace ba su ma san ya karkace ba. Na san Garba, ba zai yi zagi ba. Zai zagaya bayan lasifikokin ne yana girgiza kai, ya rage ƙarar, ya gyara musu wayar da suka ɗaure da leda, ya koma gefe. Ni ne mai zagin, don ni ban kai shi haƙuri ba.

Abin da ya tayar da maganar bana shi ne auren ɗan Alhaji. An ɗauko mai na'ura tun daga Birnin Kebbi. Tun la'asar rufin kwanon unguwar ke rawa, kuma ga Alhaji a ƙarƙashin rumfa cikin farar shadda, yana kaɗa kai yana bin ƙarar da ƙafarsa. Ina tsaye ina kallon wannan ikon Allah sai Hauwa ta fito daga cikin gida da kwanon abinci. Muka gaisa. Ta dubi rumfar, ta ce, "Malam Sani, ashe dai kiɗin ba shi na laihi ba, mai kiɗin na."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na gaya mata wasiyyar, na gaya mata yadda na yi shiru a zaure. Ina jiran ta yi kuka ko ta yi salati. Ta gyara riƙon kwanonta kawai. Ta ce, "Na sani. Ina bayan labule sadda ya hwaɗa maka. Ni ina cikin takaba, ba a tambaye ni ba. Kai anka tambaya." Ta wuce abinta. Laifi tudu ne, an ce, ka taka naka ka hango na wani. Shekara tara ina hango na Alhaji.

Washegari da safe na tafi shagonsa na ɗaura ɗamarar rigima, na shirya hujjoji, har na haddace cewa wasiyyar ba ta kai sulusin dukiya ba. Ko ɗaya ban yi amfani da ita ba. Ya ɗan yi tunani kafin ya gane abin da nake nufi, sannan ya jefo mini makulli ya ce in kwashe tarkacen, dama wuri yake ci masa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Mutumin da na yi shekara tara ina jin nauyinsa ya ma manta da abin.

Na same ta jingine a kusurwa, bayan buhunan taki, ƙarƙashin rufin kwano. Jakar ta ruɓe. Tsirkiyoyin sun yi jajir da tsatsa amma suna nan a ɗaure tam, yadda Garba ya bar su ranar bikinsa na ƙarshe. Wuyan kuwa ya lanƙwashe har yatsuna biyu suna shigewa tsakaninsa da tsirkiya. Na tsuguna na murɗa kunnuwan huɗu baya, ina sane da cewa aikin banza nake yi.

Da izinin Hauwa na ɗaure ta a bayan babur na nufi Sagbana. Baba Gado ya tsufa ƙwarai, amma yana ganin jikinta ya gane ta, ya yi wa Garba addu'a. Ya ɗaga ta ya duba, ya gwada murɗa ƙarfen da ke cikin wuyan mai miƙar da shi, ya ƙi motsi. Ya ce ba lanƙwasa kaɗai ba ce, itacen ya murɗe, ko an danne shi shekara ba zai dawo ba. Sannan ya tambaya, "Wa ya bar ta ɗaure?" Na ce ni ne. Ya ci gaba da aikinsa, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yana da wani wuya da ya ciro daga wata jita da jikinta ya tsage. Ya kwance kusoshi huɗu, ya cire na Garba ya miƙo mini, ya ɗaura wancan. A nan na ga bayan tsohon wuyan, inda babban yatsan Garba ya goge fentin ya bar wani santsi fari, har wurin ya ɗan lotsa. Baba Gado ya aika aka kira wani tela a garin, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya yi shekaru yana aron bes duk ranar biki. Na faɗa masa wasiyyar. Ya wanke hannunsa kafin ya karɓa, ya zauna ya kaɗa. Ba salon Garba ba ne, nasu ne na can, amma muryar ita ce, kuma na juya baya ina duban titi don kada dattijo ya ga fuskata.

To me ya saura na Garba? Ba a ɗauki kiɗansa a faifai ba, rumfarsa ta zama wurin cajin waya, yaran da ke rawa a bukukuwan yau ba su san sunansa ba. 'Ya'yansa mata suna nan, sun yi hankali, ba wanda ya taɓa jin kansu. Jitarsa tana magana, amma a wata ƙasa, wurin mutanen da ba su ji kunyarta ba. Rabin amanarsa na cika a makare, ɗaya rabin kuwa ba zai ciku ba har abada, domin aikin minti ɗaya ne kuma lokacinsa ya wuce.

Na kawo wa Hauwa tsohon wuyan, a tunanina za ta so ta ajiye wa yara. Ta karɓa ta juya shi, ta sa babban yatsanta a wurin nan da ya lotsa, ta daɗe a haka. Sannan ta bi tsawonsa da kallo, ta ga yadda ya karkace, ta miƙo mini.

"Na Garba miƙaƙƙe na," in ji ta. "Wanga naka na, Malam Sani. Ka tahi da shi."

Na karɓa da hannu biyu, na fito.