Gwaibar Maƙwabci

Mai Ganye ake ce mata a layin, amma da ɗinki ta fara. Tana da keke a bakin taga, maƙwabcinta direba kuma yana da gwaiba wadda rassanta suka haura katanga, suna zubar mata da ganye a tsakar gida. Ta yi shekaru tana shara tana mita.

Wata rana ta shanya farin yadi a kan tsohon kwanon rufi mai tsatsa, ruwan sama ya riga ta kwashewa. Da ta ɗaga, sai ga surar ganyen gwaiba kwance a jiki, baƙi-baƙi, har jijiyoyinsa. Ta wanke, ya ƙi fita. Mai yadin ta zo da niyyar faɗa, ta kalla ta sake kalla, ta ce a ƙara mata a ɗaya gefen.

Daga nan keke ya koma lungu. Takan jiƙa yadi a ruwan tsofaffin ƙusoshi, ta jera ganye, ta naɗe a jikin sanda, ta ɗaure tamau, ta turara a tukunya. Ba ta kwancewa sai ya huce. Ɓawon albasa yana ba ta rawaya, sauran ganyaye kuwa yau su fito, gobe su ƙi. Na gwaibar nan ne kaɗai bai taɓa ba ta kunya ba, kuma shi masu saye suke nema.

Ana nan sai ga direba da sallama, yana murza hula.

"Yaya, albishirinki. Gobe za a sare miki abokiyar gabarki."

"Wace ce?"

"Gwaiba mana. Ɗaki zan yi wa tsohuwata a wurin, ƙafarta ba ta son hawa bene."

"Haba Direba! Ita ce fa abincina."

"Ikon Allah! Ba ke ce kika ce in ban sare ba za ki zuba mata kananzir ba?"

"Wannan tun kana da gashi ne."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce ya matsa da ginin gaba kaɗan. Ya ja ta har gindin bishiyar, ya gwada mata da taku: ga rijiya, ga katanga, babu wurin matsawa. Ta duba da kyau, ta ga gaskiyarsa. Tsohuwar na zaune a tabarma tana matsa gwiwa. Mai Ganye ta gaishe ta, ta yi mata sannu da jiki, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Washegari, kafin masu sara su iso, ta tsinke abin da hannunta ya kai, ta cika buhu. Da bishiyar ta faɗi, ta roƙi ɓawon, ta dafa, ya ba ta launin ruwan ƙasa mai duhu da ba ta taɓa samu ba. Ya ishe ta yadi kaɗan, ya ƙare.

Yanzu da safe takan fita da jaka, tana tafe tana kallon saman katangun mutane. In ta hango reshe sai ta ƙwanƙwasa ƙofa. Wasu su ba ta, wasu su tambaya ko maganin me za ta haɗa. Ta samu gwaiba a bayan wani gareji, ganyenta ƙanana ne, surarsu ba ta fita sosai. Da ita take aiki.