Ranar da Inna Sa'a Ta Tari Ruwan Sama a Teku

Mahaifiyata sunanta Sa'a, amma a unguwar Garin Malam ta Zinder in ka ce Sa'a sai an tambaye ka wacce. Ka ce Inna mai wankau, kowa zai nuna maka ƙofarmu. A Zermu aka haife ta, ƴar manoman hatsi, aka kawo ta birni gidan babanmu Malam Sule baduku. Da ya rasu ya bar ta da mu biyu, ni Raliya da ƙanena Mutari, sai ta kama wankin kayan mutane. Shekara ashirin da uku tana yi, da shi ta kai mu lakwal, wato makarantar boko, har muka gama.

Wanda bai zauna Damagaram ba ba zai gane wahalar mai wankau a garin da famfo kan yi kwana huɗu bai ɗiga ba. Ruwa ɗaya Inna kan sa shi aiki uku. Ta wanke fararen kaya, ta wanke masu launi da shi, sannan ta kai wa bishiyar lemun tsamin da ke tsakar gida. In hadari ya taso kuwa, gidanmu ya zama filin yaƙi. Tano, wato ganga, bido na roba, tukwane, har kwanon cin tuwo, duk sai an jera su ƙarƙashin indararo. Tana da dokarta: ruwan farko a bar shi ya wanke soro ya wuce, na biyu shi ake tara. Daga cikinsa take cika wata ƙaramar randa da ba mai taɓawa, ta marasa lafiya. Duk wanda ciki ya juya masa ko zazzaɓi ya kwantar a layinmu, daga randar nan ake ɗebo masa. Ta ce ruwan sama yana da rai, na famfo da na kwalba matattu ne. Na yi gardama da ita a kan wannan tun ina aji shida, ban taɓa ci ba.

Mutari ya zama injiniya, aiki ya kai shi Dakar. A damanar 2019 ya aiko mana tikitin jirgin sama, ni da Inna, mu je mu ga ƴar da matarsa Wasila ta haifa. Ƙanena mutumin kirki ne, amma yana da son a gani. Sai da muka isa ya ce ya kama mana wuri a wani jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa, irin wanda muke kira bato, kwana huɗu a teku, wai Inna ta huta a rayuwarta. Jirgin hawa goma ne, da ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, har da tafkin wanka a samansa. Inna ta tsaya a bakin tashar ta dubi teku, ta daɗe tana dubawa. Da aka ce mata duk gishiri ne, ba a sha, ba a wanki da shi, sai ta ce, "Asara," ta hau.

Ranar farko Inna ta ba ni kunya, ba zan ɓoye ba. Ta shiga wajen wanke hannu ta tarar da wata Baturiya ta bar famfo yana zuba tana shafa sabulu, sai ta miƙa hannu ta rufe mata, ta kuma yi mata faɗa da Hausa. Ta tsaya bakin tafkin wankan tana tambayar Mutari ko bayan sun fito ana yin wani abu da ruwan. Shi kuma, don burga, ya gaya mata ai duk ruwan da ake sha a baton nan daga teku ake janyo shi, inji ya cire gishirin. Ta ajiye kofin da ke hannunta. Tun daga nan shayi kawai take kurɓa, shi ma don an tafasa.

Kashegari da hantsi teku ta canza. Sama ta yi baƙi daga gabas, jirgin ya fara tashi yana sauka, yana kuma kwantawa gefe. Aka yi sanarwa da Faransanci da Ingilishi cewa kowa ya koma ɗakinsa, an rufe fita waje. Inna ba ta jin ko ɗaya, ni kuma ban fassara mata ba, don a lokacin kaina yana cikin banɗaki. Ɗakinmu ɗaya da ita, Mutari da iyalinsa suna na gaba. Duk abin da na sa a baki sai ya dawo, har ruwan kwalba. Ita kuwa ko gezau. Tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, sai shafa mini goshi take yi tana cewa ruwan nan ne, ruwan banza ne ya juya mini ciki.

Na gaji, kaina yana sara, na ture hannunta.

"Inna, don Allah ki rabu da ni da zancen ruwan nan. Tun da muka hau baton nan kike ba mu kunya. Nan ba Garin Malam ba ne."

Ta gyara mini bargo, na juya mata baya, barci ya ɗauke ni.

Ƙarar faɗuwar wani abu ce ta tashe ni. Agogon bango ya nuna ƙarfe biyu saura na rana. Inna ba ta ɗakin. Na leƙa banɗaki, ba ta nan. Na dafa bango na isa ƙofar Mutari ina bugawa.

"Inna tana wajenku?"

"Ba tare kuke ba, Yaya?"

Ya bar Wasila da jaririya, muka fita. An tsayar da na'urar hawa bene, sai matakala, ita kuma tana guduwa daga ƙarƙashin ƙafarka. Muka duba wajen cin abinci, ma'aikata suna tattara fasassun farantai. Muka duba ɗakin da ta yi salla jiya. Muka bi hawa uku muna kiran sunanta, ba wanda ya amsa. A biro ɗin karɓar baƙi wata ma'aikaciya ta tambayi shekarunta, da kalar kayanta, da lokacin da aka gan ta na ƙarshe. Na ce ban sani ba, barci nake yi. Ta tambaya ko tana da ruɗewa irin ta tsufa. Mutari ya ce a'a. Sai ta ɗauki waya ta yi magana ƙasa-ƙasa, na ji ta ce a duba hotunan kamarorin gefen jirgi. Mutari ya ji, ni ma na ji, ba wanda ya dubi wani. Gefen jirgi ba abin da ke bayansa sai teku.

Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba. Kuma a ƙarƙashin tsoron akwai abin da ya fi shi ci na: in ta tabbata, maganar ƙarshe da uwata ta ji daga bakina ita ce tana ba mu kunya.

Aka ce in koma ɗaki ko za ta dawo. Na koma, na zauna bakin gado, sai idona ya faɗa kan wani abu da ban lura da shi ba ɗazu. Sharar ɗakin, takardu da ɓawon lemu, an tara ta tsaf a kan jarida a lungu. Bokitin sharar, wani na ƙarfe mai sheƙi, babu shi. A banɗaki sabulu jiƙe yake, alamar an wanke wani abu. Na ɗaga kai, ruwan sama yana dukan ƴar tagar ɗakin kamar ana watsa tsakuwa.

Na fita da gudu, na faɗi sau biyu kafin in kai biro.

"Mutari, tarar ruwa ta tafi."

Ya dube ni kamar na zautu, sannan fuskarsa ta sauya. Ya tuna jiya a hawa na bakwai, ta bayan jirgi, inda aka yi rumfa a kan kujerun shan iska, Inna ta tsaya tana duban bakin rumfar, har ta nuna masa wani lungu ta ce nan ne indararonsu. Dariya ya yi mata a lokacin.

Ma'aikata biyu suka bi mu. Ƙofar wajen an gitta mata igiya ja da allon gargaɗi, abin da bai hana mace marar karatu ɗaga ƙafa ta tsallake ba. Ta gilashin ƙofar muka hango ta. Tana zaune a ƙasa jikin wani ginshiƙin ƙarfe na rumfar, ta ɗaure ƙugunta da ginshiƙin da mayafinta. Ɗankwalinta ya tafi, furfurarta a manne da kai. Ta tokare ƙafafu, ta miƙa hannun dama da bokitin daidai inda ruwan rumfar yake kwararowa. Tsakaninta da shingen ƙarshe bai fi taku shida ba. Duk lokacin da bayan jirgin ya nutsa, teku takan taso fari fat ta rufe ta, mu daina ganinta, sai jirgin ya ɗago mu ga tana nan.

Na kai hannu ƙofar, ɗaya ma'aikacin ya riƙe ni. Ɗayan ya ɗaura igiya a ƙugunsa. Mutari ya ce shi ma sai ya fita, don ba za ta saki ginshiƙin nan don baƙo ba, kuma gaskiya ya faɗa. Suka ɗaura masa. Aka buɗe ƙofa, iska ta kusa maido su. Da rarrafe suka tafi. Ina kiran ta, iska tana mayar mini da muryata.

Saura kaɗan su kai sai jirgin ya kwanta hagu sosai. Wasu kujeru da aka jera aka ɗaure a gefe guda suka kwance, suka taho gaba ɗaya a kan jiƙaƙƙen dandamalin. Ta gan su. Da ta saki bokitin ta janye hannu da sun wuce ta. Sai ta juya jiki ta kare bokitin, kujerun suka sami hannun damanta suka haɗa shi da ginshiƙin. Ban ji ƙarar ba, na dai ga bakinta ya buɗe.

Ma'aikacin ya yanke mayafin da wuƙa. Mutari ya rungumo ta, aka ja igiyoyin, suka shigo su uku suna sulɓi. Hannun daman yana reto ta inda bai kamata ba. Na hagun yana rungume da bokitin a ƙirjinta.

A ɗakin shan magani na jirgin lokotoro ya ce ƙashin wuyan hannu ya karye wuri biyu, ya ɗaure shi kafin mu kai tudu. Hannun bai koma daidai ba. Yau shekara shida Inna ba ta iya matse ko ɗankwali da shi, in hadari ya taso sai dai ta zauna bakin ƙofa tana ba maƙwabta umarni. A ranar dai, Mutari, da ya ga an rufe ta da barguna ta daina rawar sanyi, ya fara faɗa yana kuka, wai me ya kai ta, ga ruwa nan cike da jirgi. Ba ta ko dube shi ba. Ni take nema da ido.

"Ina bokitin?"

Wata ma'aikaciyar jinya ta ajiye shi ƙarƙashin gado. Na jawo. Abin da ya rage bai fi kofi ɗaya da rabi ba.

"Na bar na farko ya wuce," in ji ta. "Wanda ya yi wa rumfar wanka. Wannan mai kyau ne. Na wanke bokitin da sabulu, kada ki ji ƙyama. Sha, cikin zai kwanta."

Na so in ba ta haƙuri kan maganar da na yi, bakina ya kasa. Na ɗaga bokitin shara na kai baki. Teku ta riga ta shiga cikinsa ba sau ɗaya ba, gishiri ne zalla, har yana ƙona maƙogwaro. Cikina ya yunƙuro, na danne. Tana kallon wuyana tana ƙirga haɗiyar da ido, yadda take yi mana muna yara. Na shanye tas.

"Ya kika ji?"

"Da sauƙi, Inna."

Ta lumshe ido, ta gyara karyayyen hannun a kan ƙirjinta. Har yau ban gaya mata ruwan gishiri na sha ba.